Idan Kare Ya Cije Ka: Yadda Za Ka Tsare Lafiyarka da Haƙƙinka

"Wallahi bai taɓa cizon kowa ba." Ita ce maganar farko da take fitowa daga bakin mai kare, tun jinin bai tsaya ba. Na daɗe ina aiki a ofishin lauya mai karɓar ƙarar waɗanda aka ji wa rauni, aikina shi ne in zauna da mutum in haɗa masa takardunsa kafin ya shiga wurin lauya, kuma da wuya a kawo mana maganar cizon kare ba a ambaci wannan rantsuwar ba. Wani lokaci gaskiya ce. Wani lokaci kuwa duk maƙwabta sun san ba haka ba ne. A ƙasashe da yawa a nan gizo yake saƙar, domin abin da mai kare ya sani game da karensa kafin ranar cizon shi ne zai sa a biya ka ko a sallame ka hannu rabbana. Hujjar da za ta tabbatar da hakan kuma a 'yan kwanakin farko ake samunta. In sun wuce, raunin ya fara rufewa, shaidu sun watse, an kai karen wani wuri, sai a bar ka da baki kawai.

Amma kafin maganar kotu akwai maganar rai.

Ruwa da sabulu kafin komai

Da zarar an raba ka da karen, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15. Ka duba agogo, domin minti 15 yana da tsawo ga wanda jikinsa ke rawa, kuma yawancin mutane a minti biyu suke tsayawa. Wannan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce, dalilinta kuma shi ne ƙwayar cutar haukan kare a cikin yawu take, sabulu yana lalata ta, ruwa yana kore ta. In akwai maganin goge ciwo mai aidin, a shafa bayan wankin. Kada a ɗaure wurin tamau, kada a cusa masa wani abu.

Daga nan asibiti, a ranar. Hukumar ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da yake ruɗin mutane shi ne cutar ba ta gaggawa. Takan kwanta wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, mutum ya manta ma an cije shi. Idan alamu suka bayyana, kusan babu mai tashi. Allurar rigakafin da ake yi bayan cizo ita ce ke tare ta, tun daga 1885 da masanin kimiyya ɗan Faransa Louis Pasteur ya fara gwada ta a kan wani yaro ɗan shekara 9. Ana yin ta a ranar farko, da ta 3, da ta 7, a wani tsarin a ƙara ɗaya tsakanin rana ta 14 da ta 28. In haƙori ya huda fata, likita zai duba ko kana buƙatar wata allura ta daban da ake yi a cikin raunin da kewayensa. Zai kuma tambaye ka yaushe rabonka da allurar tetanus. Cizon hannu ya fi saurin ruruwa, don jijiyoyi da gaɓoɓi suna kusa da fata, saboda haka kada ka raina shi don ramin ƙarami ne. Haka nan kada ka yi mamaki in likita ya ƙi ɗinke wurin nan take. Sau da yawa da gangan ake barin cizo a buɗe don kada a rufe ƙwayoyin cuta a ciki.

Ga inda lafiya da shari'a suke haɗuwa. Lokacin da ake rubuta maka kati, ka faɗa a fili cewa kare ne, karen wane ne, a ina, ƙarfe nawa. Ka roƙa a rubuta haka. Wannan rubutun na ranar farko ya fi duk abin da za ka faɗa daga baya nauyi, saboda an yi shi tun ba a fara maganar kuɗi ba, kuma wanda ya rubuta ba shi da ɓangare. Na ga katin da aka rubuta "rauni a ƙafa" kawai, lauyan mai kare ya tsaya a kan cewa waya ce ta yanki mutumin.

Karen da kansa shaida ne

Fushi yakan sa jama'a su far wa karen su kashe shi nan take. Na fahimci fushin, amma in ana iya tsare shi ba tare da ya sake cizon wani ba, tsarewar ta fi amfani gare ka. Ƙa'idar likitoci ita ce a sa masa ido kwana 10. In yana ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya cije ka, zai nuna alama ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki. In ya wuce su lafiya ƙalau, likita na iya dakatar da sauran alluran. Kada dai ka jira kwana 10 kafin ka fara allura a inda cutar take yawo. In kuma an riga an kashe shi, kada a fasa kan, a kai wa likitan dabbobi, domin a ƙwaƙwalwa ake yin gwajin. A Faransa doka ta wajabta wa mai karen da ya yi cizo ya kai shi wurin likitan dabbobi sau uku cikin kwana 15, kuma a sanar da hukumar gari.

Ka tabbatar wane kare ne kuma na wane ne. Ka ɗauki hotonsa daga nesa, da ƙofar da ya fito, da katangar da ta rushe ko sarƙar da ta tsinke, tun ba a gyara ba. Ana gyarawa da wuri, sau da yawa kafin gari ya waye. Ka nemi ganin katin rigakafin karen, ka ɗauki hotonsa, ka duba kwanan wata. A Ingila tun 2016 dole ne a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da za ta kai ka ga mai shi. Inda babu irin wannan, maƙwabta ne na'urarka.

Sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar da ke kula da dabbobi a yankin, ka karɓi lambar rahoton. Mutane da yawa suna jin nauyin wannan, musamman in karen na maƙwabci ne ko na ɗan'uwa, kuma galibin cizon da nake gani daga karen wanda aka sani ne. Rahoto ba ƙara ba ne. Rubutu ne da zai nuna abin ya faru. Kuma in karen ya sake cizon wani yaro nan gaba, rahotonka ne zai hana a sake cewa bai taɓa cizon kowa ba.

Abin da za ka tara

Hoton raunin kafin a rufe shi, da haske mai kyau, ka ajiye wani abu kusa da shi, kamar yatsa ko abin awo, don a ga girmansa. Washegari ka sake ɗauka, domin kumburi da taruwar jini sai daga baya suke fitowa. Ka ci gaba da ɗauka lokaci-lokaci har ya zama tabo. Rigar da ta yage ko ta ɓaci da jini kada a wanke, a sa ta a jaka a ajiye. Sunayen waɗanda suka gani da lambobin wayarsu. In akwai kyamarar tsaro a kusa, ka nemi hoton cikin gaggawa, saboda yawancinsu suna goge tsohon hoto da kansu bayan 'yan kwanaki. Kowane rasit, har na kuɗin motar zuwa asibiti. Takarda daga wurin aiki mai nuna ranakun da ba ka je ba.

Akwai wani abu da mutane ba sa tunawa da shi, ni kuwa ina ganin ya fi rasit muhimmanci: ɗan littafi da za ka riƙa rubuta yadda ake kwana da yadda ake tashi. Wata uwa ta kawo mana irinsa, 'yarta ce kare ya kama a kumatu. Ba wani dogon bayani a ciki. Daren jiya ta farka da ihu. Yau ta ƙi fita ƙofar gida don ta ji haushi daga nesa. Yau ta tambaya ko fuskarta za ta koma yadda take. Rahoton likita ya faɗi tsawon raunin da yawan ɗinkin, amma wannan littafin ne ya nuna abin da aka yi wa yarinyar. Tsoro da firgita da rashin barci duk cutarwa ce da doka ta sani, sai dai ba a ganinsu a hoto.

Saƙonnin da mai kare ya turo maka kada ka goge ko ɗaya. A ranar farko, lokacin da tausayi yake kansa, yakan rubuta abu kamar "na sha gaya wa yara su riƙa kulle shi" ko "dama haka yake yi wa baƙi". Bayan mako guda ba zai sake faɗin haka ba.

Wa doka take ɗora wa alhaki

Wannan tambaya tsohuwa ce ƙwarai. A dokokin birnin Eshnunna da ke ƙasar Iraƙi ta yanzu, waɗanda aka rubuta kusan shekara 4,000 da suka wuce, an ce idan kare mai cizo ne, hukumar unguwa ta sanar da mai shi, bai tsare shi ba, har ya ciji mutum ya mutu, to zai biya azurfa shekel 40, wato ma'aunin nauyi na wancan zamani. Ka lura da sharaɗin: an sanar da shi. Malaman fiƙihu ma a kan wannan turbar suka bi. Asali dai ɓarnar da dabba ta yi da kanta ba a bin kowa da ita, kamar yadda hadisi ya zo, amma malaman Malikiyya sun ɗora lamuni a kan wanda ya ajiye kare mai cizo bayan an yi masa gargaɗi. Wanda ya kawo maka rabin farko na wannan hukunci ya ɓoye na biyu, bai gaya maka gaskiya duka ba.

A yau dokokin duniya sun rabu gida biyu, kuma abu na farko da za ka tambayi lauya shi ne a wane gida ƙasarku ko jiharku take.

Gida na farko yana cewa sai an tabbatar mai kare ya san halin karensa, ko kuma ya kamata ya sani. Wannan ita ce tsohuwar dokar Ingila, ƙasashen da suka gaji tsarinta suka ɗauka, kuma har yanzu jihohi irin su Texas da Virginia a Amurka a kai suke. Dokar dabbobi ta Ingila ta 1971 ma ta riƙe sharaɗin sanin. Mutane sukan taƙaita wannan da cewa an yafe wa kowane kare cizon farko, kuma wannan taƙaitawar ta sa da yawa sun haƙura da haƙƙinsu a banza. Ba lallai ne sai ya taɓa cizo ba. Karen da yake kai wa mutane hari yana tsinka sarƙa, wanda ya taɓa yaga rigar wani, wanda aka saba sa wa takunkumi, wanda maƙwabta suka taɓa kai kuka a kansa, duk waɗannan suna iya nuna mai shi ya san abin da ya ajiye. Shi ya sa nake gaya wa mutane su zaga su tambaya. Mai kai saƙo, mai kwashe shara, mai karanta mita, su ne suka san kowane kare a layi da halinsa.

Ko a wannan gidan akwai wata ƙofa, ita ce sakaci. In an bar ƙofa a buɗe, ko an saki kare a inda doka ta ce a riƙe shi da igiya, ko an ba ƙaramin yaro jan ƙaton karen da ya fi ƙarfinsa, kana iya neman diyya saboda sakacin ko da karen bai taɓa nuna hali ba.

Gida na biyu ba ya tambayar me mai kare ya sani. Karenka ne, ya yi cizo, ka biya. Sashe na 3342 na dokar jihar Kaliforniya haka ya ce, muddin wanda aka ciza yana wurin da kowa ke da ikon bi, ko ya shiga gidan ta halal. Sashe na 1243 na dokar Faransa ya ɗora alhaki a kan mai dabba ko mai amfani da ita, ko tana hannunsa, ko ta ɓata, ko ta kuɓuce. Sashe na 833 na dokar Jamus haka yake ga karen da aka ajiye don sha'awa. A ganina wannan gidan ya fi adalci. Wanda ya zaɓi ya ajiye kare shi ne yake da ikon ɗaure shi da horar da shi, mai wucewa a hanya ba shi da ikon komai.

Kada kuma ka tsaya a kan mai karen kawai. Wanda karen yake hannunsa a lokacin, kamar mai yawo da shi ko wanda aka ba ajiya, yana iya shiga ciki. A Ingila in mai karen yaro ne ɗan ƙasa da shekara 16, maigidan ake kamawa. Kamfanin tsaro da ya ajiye kare a wurin aiki, ko mai gidan haya da ya san ɗan hayarsa yana da mugun kare a tsakar gidan da kowa ke bi bai yi komai ba, su ma a wasu wurare ana iya haɗawa da su. In kuma a bakin aiki aka cije ka, ka duba haƙƙinka a wurin wanda kake yi wa aiki. Hukumar gidan waya ta Amurka takan ba da rahoton cewa karnuka suna kai wa ma'aikatanta fiye da 5,000 hari a shekara.

Hukunta mai kare daban, biyanka diyya daban. A Ingila, bisa dokar karnuka masu haɗari ta 1991 da gyaran da aka yi mata a 2014, wanda karensa ya ji wa mutum rauni yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5, in an rasa rai har 14, ko da a cikin gidansa abin ya faru. Wannan shari'ar hukuma ce. Taka ta neman diyya kai ne za ka ɗauko ta, kuma ko an wanke shi a waccan ba lallai ya tsira a taka ba, don hujjar da ake nema a ƙarar diyya ba ta kai ta shari'ar laifi tsanani ba.

Abin da za su ce a kanka

Abu uku ne kusan kullum: ka shiga inda ba a gayyace ka ba, ka tsokani karen, ko ka san haɗarin ka kai kanka. In ɗaya ya tabbata, ko a rage diyyar gwargwadon naka laifin, ko a hana gaba ɗaya. Saboda haka ka faɗa wa lauyanka gaskiya tun farko, har abin da kake ganin zai rage maka. Lauya yana iya gyara wa gaskiya zama, amma in ta fito a gaban alƙali bai san da ita ba, ba abin da zai iya yi.

Ga yara kuwa doka takan sassauta, kuma daidai ne. Yaron da ya ja wutsiyar kare bai san tsokana ba. A jihar Massachusetts, in yaro bai kai shekara 7 ba, kotu tana ɗauka bai yi kutse ba kuma bai yi tsokana ba, sai mai kare ya kawo hujjar akasin haka. A Florida allon gargaɗi da aka kafa a ƙofa yana iya kare mai kare, amma ba a kan yaron da bai kai shekara 6 ba. Iyaye su daina ɗora wa kansu da 'ya'yansu laifin da doka ma ba ta ɗora musu ba.

Me ake biya, kuma daga aljihun wa

Kashi na farko shi ne abin da ake lissafawa da rasit: asibiti, allurai, magani, zirga-zirga, kayan da suka lalace, kuɗin shigar da ka rasa. Mai sana'ar hannu da ba shi da takardar albashi ya kawo littafin cinikinsa ko shaidar abokan hulɗa. Kashi na biyu shi ne na gaba: aikin gyaran tabo, gashin ƙashi da motsa gaɓa, ganin likitan ƙwaƙwalwa, raguwar ƙarfin neman abinci in yatsa ya sandare. Na uku shi ne wanda ba shi da rasit, wato azabar da aka sha, tabon da zai zauna, da tsoron da ya shiga rai. Tabon fuska ya fi na cinya nauyi a wurin alƙali, na yaro ya fi na babba. In an rasa rai, iyalan mamaci ne suke da haƙƙin nema.

Tambayar da ya kamata ka yi da wuri ita ce ko mai karen yana da inshora. A Amurka mafi yawan diyyar cizon kare daga inshorar gida take fitowa. A wasu jihohin Jamus, kamar Berlin da Hamburg, dole ne mai kare ya yanki inshora a kansa. Wannan yana sauƙaƙa wa wanda yake jin kunyar maƙwabci, tunda kamfani ne zai biya. Inda babu inshora, ka duba da idon basira ko mutumin yana da abin biya. Hukuncin kotu a kan wanda ba shi da komai takarda ce kawai, kuma gara sulhun da za a biya kaɗan-kaɗan a rubuce da nasarar da ba za a karɓi ko sisi ba.

Karen da ba shi da mai shi ya fi wahala, amma ƙofar ba a rufe take ko'ina ba. A Indiya, Kotun Ƙoli ta kafa kwamiti a 2016 don tantance diyyar waɗanda karnukan titi suka ciza a jihar Kerala, kuma a 2023 babbar kotun Punjab da Haryana ta ce hukuma ta biya aƙalla rupi 10,000 a kan kowane shatin haƙori. Hujjar ita ce kula da karnukan titi aikin hukuma ne. Ka tambayi lauya ko dokarku ta ɗora wa hukumar yankinku irin wannan nauyi, ka kuma bincika ko karen da ake cewa na titi ne akwai gidan da yake ci yake kwana.

Sulhu, wa'adi, da sa hannu

Yawancin waɗannan maganganu ba sa kaiwa gaban alƙali, kuma ni ina goyon bayan sulhu. Sai dai a yi shi da ido a buɗe. Mai kare zai ce, "Kada ka damu, duk abin da aka kashe ni zan biya." An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Ka gode masa, sannan ka nemi a rubuta, da kwanan wata, da sa hannunsa, da shaidu biyu. In ya biya kuɗin asibitin ranar farko ka karɓa, amma a rubuta cewa wani ɓangare ne, ba a rufe magana ba.

In baki bai yi ba, sai wasiƙa. Shafi ɗaya ya isa: ranar da abin ya faru da wurin, abin da karen ya yi, raunin da maganin da aka yi, jimillar abin da aka kashe tare da kwafin rasit, abin da kake nema, da ranar da kake jiran amsa. Ba zagi, ba barazana. Ka riƙe na asali, ka aika kwafi ta hanyar da za ta bar shaidar an karɓa. In raunin ƙarami ne ya warke sarai, ƙasashe da yawa suna da kotun ƙananan ƙararraki inda za ka tsaya da kanka. In kuwa akwai tabo a fuska, ko jijiya ta taɓu, ko an kwanta asibiti, ko yaro ne, ka nemi lauya. Ka tambaye shi tun zaman farko yadda ake biyansa. A Amurka an saba lauya ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu, in ba a samu ba ba ya karɓar ladan aiki. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ofishin ba da taimakon shari'a kyauta.

Wakilin kamfanin inshora in ya kira, zai yi maka magana mai daɗi, amma ka tuna kamfanin yake yi wa aiki. Ka ba shi sunanka da ranar da abin ya faru. Kada ka yarda a naɗi muryarka kafin ka yi shawara. Ko "da sauƙi" da muke faɗa bisa ladabi in an gaishe mu da jiki, ana iya rubuta ta a matsayin ka ce ka warke. Ka kuma kame hannunka daga Facebook da WhatsApp a kan maganar.

Wa'adi ba ya jiran kowa. A Ingila shekara 3 ne daga ranar rauni, a Kaliforniya shekara 2, a Faransa shekara 10 daga lokacin da raunin ya daidaita. In hukuma za ka kai ƙara, wa'adin yakan fi haka gajarta nesa ba kusa ba, wani wurin 'yan watanni ne. Ga yaro, a wurare da yawa ba a fara ƙirga wa'adin sai ya kai shekara 18, amma wannan ba dalilin zama ba ne, tunda shaidu ba za su jira shi ya girma ba. Ka san naka wa'adin tun makon farko ka rubuta shi inda za ka riƙa gani.

Duk da haka, kada tsoron wa'adi ya sa ka sa hannu da wuri. Takardar da ake ba ka tare da kuɗin sulhu galibi tana cewa ka yafe duk wani haƙƙi, na yanzu da na gaba, kuma in ka sa hannu an gama. Tabo yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya zauna a kamanninsa na ƙarshe. Jijiyar da ta taɓu sai bayan watanni ake sanin ko za ta dawo. Ka jira likita ya rubuta ra'ayinsa a kan inda raunin zai tsaya da abin da gyaransa zai ci, sannan a yi maganar adadi. In yaro ne, a Ingila da jihohin Amurka da dama sulhun ba ya tabbata sai alƙali ya duba ya amince, kuma akan ajiye kuɗin da sunan yaron har ya girma. Ko dokarku ba ta tilasta haka ba, ka nemi a yi shi haka, a kuma rubuta a takardar cewa kuɗin gyaran tabon da za a yi masa in ya girma yana cikin lissafi.